Ciwon Maraina Ga Yara Maza: Awa Shida Ce A Hannunmu, Kada Kunya Ta Cinye Ta

Duk wanda ya taɓa noman riɗi a ƙasar Gadarif, ko kuma yake sayensa a kasuwar amfanin gona, ya san riɗi ba ya jiran kowa. Idan ya nuna a watan Oktoba, ko dai a yanke shi cikin 'yan kwanaki, ko kuwa ɓawon ya fashe ƙwayar ta zube ƙasa, wahalar damina ta tashi a banza. Shi ya sa lokacin yanka ba ka jin manomi ya ce bari sai jibi. To, jama'a, akwai wani ciwo da ke kama yaranmu maza wanda ya fi riɗi gaggawa nesa ba kusa ba, domin shi wa'adin da yake bayarwa bai wuce awa shida ba. Muna neman afuwar masu karatu, domin wurin da ciwon yake kamawa wuri ne da Bahaushe ba ya son ambata a bainar jama'a, amma rashin ambatar ne ke jawo mana asarar, saboda haka a yau za mu kira shi da sunansa: murɗewar maraina.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙwayar maraina tana rataye ne da wata igiya wadda ta sauko daga cikin mara, kuma a cikin wannan igiya ne jijiyoyin da ke kai wa ƙwayar jini suke, tare da bututun da maniyyi ke bi. Ga yawancin maza, ƙwayar a manne take da bangon jakar daga baya, ba ta iya juyawa. Amma akwai waɗanda aka haifa ƙwayarsu ba ta manne ba, tana lilo ne kamar ɗan ƙarfen da ke cikin ƙararrawa. Irin wannan yaro lafiyarsa lau, ba shi da wata alama, har ranar da ƙwayar za ta juya a kan igiyarta, wani lokaci rabin zagaye, wani lokaci zagaye ɗaya ko biyu. Da zarar igiyar ta murɗe, jini ya daina wucewa, kamar yadda ruwa ke tsayawa idan aka lanƙwashe tiyo. Naman da jini ya daina zuwa masa kuwa mutuwa yake yi. Babu saiwar da za a jiƙa, babu allurar da za a yi, wadda za ta warware igiyar nan. Likitan fiɗa ne zai buɗe ya warware ta da hannunsa.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo, tun shekarar 1840 aka rubuta bayaninsa a ƙasar Faransa, kuma lissafin da suke koyar da ɗalibansu a bayyane yake. Cikin maza 4,000 da ba su kai shekara 25 ba, akan sami kamar ɗaya da abin zai same shi. Ya fi kama 'yan shekara 12 zuwa 18, wato daidai lokacin balaga da maraina ke ƙara girma da nauyi, ko da yake yana iya kama jariri sabon haihuwa, yana kuma iya kama magidanci. Idan aka yi aiki cikin awa shida da fara ciwo, ana ceto ƙwayar a wajen yara tara cikin goma. Idan aka kai awa 12, an koma kusan rabi da rabi. Idan kuwa aka wuce awa 24, da ƙyar ake ceto ɗaya cikin goma, sauran sai dai a cire ƙwayar domin ta riga ta yi baƙi ta mutu. Mu lura da kyau, agogon nan yana fara tafiya ne daga lokacin da yaro ya fara jin ciwo, ko da kuwa bai gaya wa kowa ba sai bayan sallar azahar.

Alamomin ba su da wuyar ganewa ga wanda aka taɓa gaya masa. Ciwo ne mai tsanani da ke zuwa farat ɗaya a ɓari guda na maraina, sau da yawa cikin dare ko da asuba, har ya tashi yaro daga barci. Wani lokaci kuma bayan ƙwallo ne, ko hawan keke, ko ɗaukar buhu, ko ɗan bugu kaɗan. Akasari yakan zo da tashin zuciya da amai. Jakar takan kumbura ta yi ja ko ta yi duhu, ɓarin da ke ciwo ya ɗage sama fiye da ɗan uwansa, ko ƙwayar ta kwanta a gicciye, ta yi tauri, yaro ba ya yarda a taɓa. Za ka gan shi yana tafiya yana buɗe ƙafafu, ko ya duƙunƙune ya ƙi motsi. Galibi babu zazzaɓi da farko, kuma fitsari ba ya yi masa zafi. Wani abu da ke ruɗar iyaye har ma da wasu ma'aikatan lafiya shi ne, yara da yawa mara ko matsematsi suke nunawa su ce cikinsu ke ciwo, wasu don can ɗin suke jin zafin ya hau, wasu kuma don sun ji nauyin nuna ainihin wurin. Saboda haka duk yaro namiji da ciwon mara da amai suka kama shi kwatsam, wajibi ne wani babba ya tambaye shi ƙarara ko marainansa na ciwo, ya kuma duba.

Yanzu bari mu ɗora awa shidan nan a kan hanyar da muke bi kullum. Daga Galabat, inda muke cin kasuwa da mutanen Matamma na ƙasar Habasha, zuwa birnin Gadarif inda Asibitin Koyarwa yake, tafiyar kilomita 150 ce da ɗoriya ta kan Doka. Duk direban da ya saba da hanyar zai gaya maka awa biyu zuwa uku sun tafi, wannan ma idan mota lafiya take kuma shingayen bincike ba su riƙe ka ba. Ƙara neman motar da za ta tashi cikin dare, ƙara lokacin da za a ɗauka kafin likita ya duba yaro, a shirya ɗakin tiyata, a kira mai ba da maganin barci. Idan muka haɗa lissafi za mu ga cewa mutumin bakin iyaka ba shi da rarar ko da awa guda ta yin shawara. Wanda yake Basunda ko Gureisha, ko a wani sansanin gona can cikin daji, nasa ya fi haka tsanani, balle da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da baƙar lakar ƙasar nan ke riƙe lori kwana da kwanaki, sai tarakta ce kawai ke fita. Nisan hanya ba a hannunmu yake ba. Abin da yake hannunmu shi ne awoyin da ke salwanta tun kafin a tayar da mota, kuma a ganinmu nan ne mafi yawan asarar take.

Ina awoyin suke tafiya? Kaso mafi tsoka kunya ce ke cinye shi. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa, wasu a kan hanyar aikin hajji, wasu kuma cikin jama'ar da ta biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, sun zo da harshensu da sana'arsu, sun kuma zo da kunyarsu, kuma har yau muna alfahari da ita a tsakiyar ƙabilun Sudan. Da ita muke tarbiyyar 'ya'yanmu. Amma mu dubi yadda take aiki a daren da ciwon nan ya zo. Yaro ɗan shekara 14 wanda aka koya masa ba a maganar abin da ke ƙasan cibiya a gaban manya, ta yaya zai ƙwanƙwasa ƙofar mahaifinsa da ƙarfe uku na dare ya faɗi inda ke masa ciwo? Idan ma ɗan fari ne, wanda a gidaje da yawa uwa da uba ko sunansa ba sa kira, to abin ya ninka. Sai ya cije, ya juya nan ya juya can, ya ce bari gari ya waye. Gari ya waye ya ce ciki ne. A ba shi jiƙo, a jira a ga abin da hali zai yi. Kafin wani yayansa ya matsa masa ya faɗi gaskiya, rana ta yi tsaka, awa goma ta wuce. Mu ne muka koya masa shirun, don haka mu ne ya kamata mu nuna masa inda shirun ya ƙare.

Kuma mu 'yan kasuwa namu nauyin ya fi na kowa, domin yaran da ke hannunmu da yawa ba a gaban iyayensu suke ba. Akwai yaron shago da ke kwana a rumfa yana gadin kaya, akwai karen mota da ke bin lori tsakanin Gadarif da Galabat, akwai masu dako da masu tura baro, akwai almajiran halwa da ke zuwa kasuwa neman na abinci, ga kuma samarin Habasha da ke tsallakowa aikin yankan riɗi da dawa. Shekarunsu su ne shekarun wannan ciwo. Yaron da yake jin nauyin mahaifinsa, nauyin maigidansa ya fi yi masa yawa, ga tsoron kada a ce ragwanci ne, ko a zaftare masa kuɗin yini, ko a ba wani gurbinsa. Iyayen da suka damƙa mana yaro amana suka ba mu, kuma amanar ba ta tsaya ga tuwo da kuɗin sabulu ba.

Wani abin takaici shi ne zargi. A wurinmu, da an ce saurayi gabansa na ciwo, sai tunanin mutane ya tafi kan ciwon sanyi, daga nan kuma a fara kallonsa a matsayin wanda ya je inda bai kamata ba. Yaran sun san haka sarai, shi ya sa wanda bai taɓa aikata komai ba ma yakan gwammace ya sha azaba a ɓoye da a yi masa wannan kallo. Muna so kowane uba da kowane malami ya ji wannan da kunnen basira: murɗewar maraina ba ta da alaƙa da neman mata, ba ta da alaƙa da ƙazanta, ba kuma jifa ba ce ko sammu. Halitta ce da aka haifi yaro da ita, har ma akan samu tana bin dangi, ta kama wa ta kama ƙane. Tambayar da ta kamata a yi wa yaro ita ce yaushe ciwon ya fara, da ƙarfe nawa. Tuhuma kuwa, in ma akwai dalilinta, ta jira sai an dawo daga asibiti.

Awoyin da kunya ta rage kuma, neman magani a kusa ne ke ƙarasa su. Wani zai ce a gasa wurin da ruwan zafi, wani ya ce a shafa man zafi, wani ya kawo bagaruwa, wani ya ce a kira wanzami ko basir. Ba mu raina masu maganinmu na gargajiya ba, kowa ya san ranarsu a karaya da targaɗe, amma wannan ba fagensu ba ne, kuma tausa ko tsaga ko sakiya a wurin nan ɓarna kawai za su ƙara. Mafi yawanmu kuma saidaliyya muke nufa, mu ce yaro gabansa ya kumbura, a haɗo mana kafso da allurar kashe zafi ba tare da kowa ya ga yaron ba. Allurar za ta yi aikinta, yaro ya samu barci, hankalin gida ya kwanta, alhali igiyar tana nan a murɗe. Akwai ma abin da ya fi wannan yaudara. Bayan awoyi masu yawa, zafin yakan ragu da kansa, domin ƙwayar da ta mutu ta daina jin ciwo. Mutanen gida su yi hamdala su ce sauƙi ya samu, sai bayan watanni a lura ɓari guda ya motse ya koma kamar ƙwayar gyaɗa. Haka nan akwai yaron da ciwon ke zuwa masa da ƙarfi na ɗan lokaci ya tafi da kansa, ya sake dawowa bayan mako ko wata. Wannan ƙwayar ce ke murɗewa tana warwarewa, kuma gargaɗi ne. A kai shi ga likitan fiɗa tun yana kan ƙafafunsa, kafin ranar da za ta murɗe ta ƙi sakin.

Ya kamata kuma mu san lokacin da ya fi dacewa mu sa ido. A shekarar 1986, wani likitan fiɗa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai suna Mabogunje, ya buga bincikensa a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya, inda ya nuna cewa masu wannan ciwo sun fi zuwa asibiti a watannin hunturu. Bincike a wasu ƙasashe masu sanyi ma ya nuna irin haka, kuma bayanin da likitoci ke bayarwa shi ne sanyi yana sa tsokar da ke ɗage maraina ta ja da ƙarfi, ƙwayar da ba ta manne ba kuma ta juya. Mu a nan, daren sanyinmu yana faɗowa ne daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da dawa ke shigowa kasuwa, kowa hankalinsa na kan awo da lodi, yara kuma na kwana a waje a kan buhuna. Lokacin da maigida ya fi ƙarancin sukunin sauraron koken yaro, shi ne lokacin da ya fi kamata ya saurara.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce ai ba kowane ciwon maraina ne murɗewa ba. Haka ne. Hangum yakan sauka a maraina bayan kumburin kumatu, musamman ga wanda ya balaga. Ƙwayoyin cuta kan kama bututun da ke bayan ƙwayar, a samu zazzaɓi da zafin fitsari. Cutar da ake ɗauka daga ɗanyar madarar da ba a tafasa ba, wadda a Sudan muke kira zazzaɓin malɗiyya, ita ma takan kumbura wurin. Akwai gwaiwa mai tara ruwa a hankali ba tare da zafi ba, akwai kuma ƙaba, wato hanji ya zurara cikin jaka. To amma wa zai bambance su a rumfa da hasken tocila? Likitocin da suka ƙware ma, idan suka yi kokwanto, ƙa'idarsu ita ce su buɗe su gani da ido, domin sun san gara a buɗe goma a tarar ba ita ba ce da a bar ɗaya ta mutu. Ƙabar da ta shaƙe kuwa, mai zuwa da ciwo da amai kamar haka, ita ma aikin gaggawa take buƙata, kuma ita rai take ɗauka. Saboda haka ko ta wace fuska aka duba, mota za a nema. Idan an je likita ya ce ba murɗewa ba ce, kuɗin mai kawai aka yi asara, kuma an dawo da maganin da ya dace.

Wasu kuma za su kawo maganar kuɗi da halin da ƙasa ke ciki. Ba mu musa ba. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan abin da ya sami Madani a Disambar wannan shekara, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo jihar Gadarif, a kan 'yan gudun hijirar Habasha da aka sauke a Um Rakuba tun Nuwamban 2020. Asibitocinmu sun ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsu, magani ya yi tsada, kuɗi ya rasa daraja. Sai dai wannan dalili ne na ƙara sammako, domin wanda ya san zai tarar da layi ba ya makara a gida. Kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa aikin da za a biya a daren farko shi ne dai za a biya bayan kwana uku, bambancin kawai shi ne a daren farko ana dawowa da yaro cikakke. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Akwai kuma tsoron wuƙa. Iyaye da yawa na ganin idan aka taɓa wurin nan da tiyata, yaro ya rasa haihuwa ko mazakutarsa ke nan, har wasu su ƙi sa hannu su ce sai sun yi shawara da dangi. Aikin ɗan ƙarami ne, akasari ba ya kai awa guda. Likita zai ɗan tsaga fatar jakar, ya warware igiyar, ya jira ya ga jini ya dawo, sannan ya ɗinke ƙwayar da bangon jakar yadda ba za ta sake juyawa ba. Zai kuma ɗinke ta ɗaya ɓarin a lokaci guda, domin wanda aka haifa da wannan halitta galibi ɓangarorin biyu duk haka suke. Cikin kwana ɗaya ko biyu an sallami yaro, bayan 'yan makonni ya koma harkokinsa. Idan ma an tarar ƙwayar ta mutu aka cire ta, guda ɗaya mai lafiya tana isar namiji ya balaga, ya yi aure, ya haihu. Wannan ne ma ya sa muke cewa ko an makara, ko kwana biyu sun wuce, kada a ce tunda an rasa a zauna gida. Wani lokaci murɗewar ba ta cika ba, ana iya samun sauran rai a ƙwayar, sannan ga wadda ta rage, ita ce duk abin da yaron ya mallaka, dole a ɗinke ta kafin ita ma ta juya.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne ke da wannan matsala. A Ingila, inda asibiti ke kusa kuma motar ɗaukar marasa lafiya ke zuwa har ƙofar gida, wata hukumar da ke bin diddigin yadda ake kula da majinyata ta fitar da rahoto a kan wannan ciwo a watan Fabrairun 2024, kuma daga cikin manyan shawarwarinta akwai wayar da kan yara da iyayensu, saboda jinkirin zuwa asibiti yana sa a rasa maraina a can ma. Idan masu kwalta har ƙofar gida suna ganin sai sun koya wa 'ya'yansu buɗe baki, ina ga mu da ke da Doka a tsakaninmu da ɗakin tiyata?

To mene ne abin yi? Na farko, a gaya wa yaro tun yana lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duk yaron da ya kai shekara goma ya ji daga bakin babba cewa idan marainansa suka kama ciwo mai tsanani, ko da tsakar dare ne, ya tashi wanda ke kusa da shi nan take, babu mai yi masa faɗa, babu mai yi masa dariya. Idan uba yana jin nauyi, al'adarmu ta riga ta tanadi hanya. Akwai kaka wanda jika ke wasa da shi, akwai kawu, akwai taubashi, akwai yaya. A ɗora wa ɗaya daga cikinsu. Malaman halwa da na islamiyya da ke koyar da samari hukuncin balaga da wanka ba tare da wani nauyi ba, su ƙara wannan a kai, minti biyar ya isa. Iyaye mata kuma, waɗanda su ne ke fara lura idan tafiyar yaro ta canza ko ya ƙi cin abinci, su sani jaririn da jakarsa ta kumbura ta yi tauri ta canza launi shi ma na asibiti ne a ranar, haka yaron da aka san ƙwayarsa ɗaya ba ta sauko ba idan matsematsinsa ya kama ciwo.

Na biyu, idan abin ya faru, a duba agogo a riƙe lokacin da ciwon ya fara. Kada a ba yaro abinci ko shayi ko ruwa, domin maganin barci yana buƙatar ciki ba komai, kuma kofin madara ɗaya na iya jinkirta aiki. A wuce kai tsaye asibitin da ke da likitan fiɗa, a shiga ta sashen gaggawa da muke kira hawadis, kada a bi layin masu ganin likita na yau da kullum. A faɗa wa wanda aka fara tararwa da Larabci cewa ana tsoron iltiwa'ul khusya, tun ƙarfe kaza, domin wannan kalma kowane ma'aikacin lafiya ya san nauyinta. Idan ƙaramin asibiti aka fara zuwa, a nemi takardar turawa gaba nan take, mota kuma ta tsaya tana jira. Kada mu da kanmu mu tafi yawon neman hoton na'ura a cikin gari alhali likita bai ce ba. Kada kuma kowa ya gwada juya ƙwayar da hannunsa a gida, domin in aka juya ta ɓarin da ba shi ba, an ƙara ɗaure igiyar.

Na uku, shugabannin Hausawa da kwamitocin kasuwa su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. A kowace kasuwa a san asibiti mafi kusa da ake yin tiyata da dare, a tabbatar da baki, a riƙa sabunta labarin domin likitoci na canza wuri. A san direbobi biyu ko uku da suka yarda a tashe su kowane lokaci. A cikin asusun da muke tarawa na biki da rasuwa, a ware wani abu na gaggawar asibiti da ma'aji zai iya fitarwa ko ya tura ta Bankak ba sai an kira taro ba. Duk maigida ko malamin da ke riƙe da ɗan wani ya ajiye lambar wayar mahaifinsa, ya kuma karɓi izninsa tun yanzu cewa idan aikin gaggawa ya taso zai sa hannu a madadinsa, saboda likita ba zai yi wa ƙaramin yaro tiyata ba sai da yardar waliyyi, kuma awa biyu na iya tafiya wajen neman uban da ke gona inda waya ba ta shiga. 'Yan uwanmu na kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari da Ɗan Issa, waɗanda su ma manyan asibitocinsu suna Katsina da Sakkwato da Maraɗi da makamantansu, wannan tsari ya shafe su kamar yadda ya shafe mu, kowa ya auna tazararsa ya cire ta daga awa shida ya ga abin da ya rage masa.

A ƙarshe muna kira ga ma'aikatar lafiya ta jihar Gadarif da ta tunatar da mataimakan likitoci da ke ƙauyuka cewa duk yaro namiji mai ciwon mara a duba marainansa kafin a rubuta masa magani, ta kuma sa wannan bayani a shirye-shiryen rediyo cikin Larabci da Hausa. Muna roƙon masu saidaliyya, idan aka zo musu da irin wannan koke, su ce a kai yaro asibiti yanzu, ladansu ya fi ribar kafso. Jami'an da ke shingayen hanya kuma, motar da ta ce tana ɗauke da yaro zuwa tiyata a duba ta da sauri a sallame ta. Mu kuma da muka karanta wannan shafi, kowa yana da yaro a gida ko a rumfa wanda bai taɓa jin wannan magana ba. Kafin a rufe kasuwa yau, a kira shi gefe a gaya masa, ko a sa yayansa ya gaya masa. Allah Ya kare mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.